Winci mai sauƙin kuɗi: wanne za ka saya, kuma wanne za ka iya riƙewa?

Duk wanda aikinsa ke kai shi ƙauyuka da damina, ko cikin fadamun Haɗeja da Nguru, ko baƙar lakar firgi ta gabashin Borno, ko hanyoyin da ke hawa tsaunin Mambila, ya san cewa mota mai jan ƙafa huɗu ma tana kafewa. Idan kuwa ta kafe a inda babu tarakta a kusa, babu kuma matasan gari da za su taru su tura, to abin da ya rage wa direba shi ne winci, wato injin nan da ake ɗaurawa a gaban mota, wanda ke nannaɗe igiya a jikin ganga har ya janyo motar daga taɓo. Manyan kamfanoni irin su Warn na Amurka, wanda ya fara ƙera wincin mota tun 1959, suna da kaya masu suna, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu, musamman yadda canji ya koma. Saboda haka abin da ke gaban mai Hilux ko tsohuwar Land Cruiser shi ne zaɓi a tsakanin masu sauƙin kuɗi, waɗanda akasarinsu ƙirar ƙasar Sin ne. Abin da na fahimta bayan shekaru ina amfani da su shi ne, winci mai araha yana iya zama abin dogaro, matuƙar mutum ya zaɓi irin wanda zai iya kula da shi a yanayin da yake ciki, domin kowane iri da hidimar da yake nema.

Na koyi wannan ne a wata fadama cikin watan Agusta, lokacin da motata ta nutse har gindin ƙofa. Na ciro rimot, na danna, sai na ji ƙas, ƙas, ganga ba ta motsa ba. Wincin ya fi shekara a gaban motar ban taɓa kunna shi ba, ina ganin sabo ne, babu abin da zai same shi. Da muka dawo gari, rewayan da ke duba mini mota ya kwance murfin injin wincin a gabana, sai ga ruwa ja mai tsatsa yana tsiyayowa, buroshi biyu cikin huɗu, wato 'yan gawayin da ke kai wuta cikin injin, sun maƙale a gidajensu, sifirin ɗinsu ya ruɓe. Ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, ai wannan ba aiki ne ya kashe shi ba, zama ne." Kuɗin gyaran bai taka kara ya karya ba, amma kwanan da muka yi a daji da sauro ba zan manta da shi ba.

Zaɓin farko da ya kamata mutum ya tsaya a kansa shi ne ko yana buƙatar na lantarki ma tukuna. Akwai wincin hannu irin na Tirfor, wanda kamfanin Tractel ke yi, da makamantansa masu araha da ake samu a wurin masu sayar da kayan gini da na ɗaga nauyi. Shi ba ya da ganga. Wasu haƙora ne a cikinsa suke kama wayar ƙarfe suna jan ta kaɗan-kaɗan duk lokacin da aka kaɗa dogon hannunsa. Matsakaicinsa, wanda aka rubuta masa kilo 1,600 na ɗagawa sama, yana fitar da motar a-kori-kura idan an ninka wayar. Ba ruwansa da batir, yana aiki ko injin mota ya mutu a tsakiyar ruwa, kuma ana iya jan mota da shi ta baya ko ta gefe, abin da wincin gaba ba zai yi ba sai da dabaru. Kulawarsa ba ta wuce wanke laka, ɗiga mai a haƙoransa, da ajiye ƙananan fil na safaya ba, waɗanda aka yi su don su karye idan nauyi ya yi yawa kafin injin ya lalace. Aibinsa a fili yake: gumi ne tsagwaronsa, jan 'yan mitoci yana iya cin awa guda, ga shi da wayarsa suna da nauyi da cin wuri. Wanda ke kafewa sau biyu ko uku a shekara, kuma yawanci yana tafiya da yaran mota, a ganina wannan ya fi masa alheri a kan na lantarkin da zai bari ya yi tsatsa a gaban mota. Wanda kuwa ke shiga laka kowane mako, ko yake tafiya shi kaɗai, na lantarki ne nasa.

Batun girma ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙa'idar da masu ƙira suka saba bayarwa ita ce a ninka cikakken nauyin mota da kayanta sau ɗaya da rabi. Hilux da lodi tana kaiwa wajen tan 3, don haka tana son winci mai jan kilo 4,500 ko kusa da haka. Mai lamba 9,500, wanda a ma'aunin laba aka rubuta, kilo 4,300 ne da 'yan kai, mai 12,000 kuma ya haura kilo 5,400. Sai dai wannan ƙarfin da aka rubuta a kwali, na zagayen farko ne na igiya a jikin ganga. Duk layin da ya ƙaru a kai, ƙarfin yana raguwa da fiye da kashi 10 cikin ɗari, har ya zama idan ganga ta cika, abin da ya rage bai fi kashi biyu bisa uku ba. Tunda masu araha ba su cika kai lambar da suke iƙirari ba, na fi son mutum ya ɗauki mai 12,000, domin injin da ba a matsa masa har iyakarsa ba ya fi daɗewa bai ƙone ba.

Daga nan sai tambayar da ake yawan yi a Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna: sabon ɗan Sin, ko tsohon mai suna ɗan Beljiyam? Tsohon winci na babban kamfani yana da giya mai kauri da waya ta jan ƙarfe zalla a cikin injinsa, kuma ana samun zanen kayan cikinsa a intanet, don haka bakanike mai natsuwa zai iya farfaɗo da shi. Haɗarinsa shi ne ba ka san tarihinsa ba. Wanda ya taɓa yin zafi har amecharsa, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin injinsa, ta yi baƙi zai juya lafiya lau a shago ba tare da nauyi ba, sai ranar da aka ɗora masa mota ya nuna halinsa. Idan mai shago ya yarda a buɗe murfin injin a duba, a shinshina ko akwai ƙaurin ƙonewa, a ga tsawon buroshi, a juya ganga da hannu a ji ko haƙoran giya suna gurzawa, to tsohon ya cancanci kuɗinsa. Idan ya ƙi, a haƙura. Sabon mai araha shi kuma matsalarsa ba ta cika zama a ƙirar ba, domin yawancinsu tsari ɗaya suke bi, injin lantarki a gefe guda, giya mai hawa uku a ɗaya gefen, birki a cikin ganga. Inda ake rage kuɗi shi ne haɗawa: giris ɗan kaɗan kuma maras kyau, robar hana ruwa da ba ta zauna daidai ba, wayoyi sirara, da notuna masu laushi. Duk waɗannan abubuwa ne da ake gyarawa a wuni ɗaya kafin a ɗaura shi. Akwai kamfanoni na tsaka-tsaki irin su Runva da T-Max na Sin da ComeUp na Taiwan, waɗanda ake samun kayan gyaransu da suna da lamba, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin fifita su a kan wanda babu sunan kowa a jikinsa sai fenti mai ƙyalli. A wajen injin kuma, a tambaya ko mai koyil ne ko mai maganaɗisu. Mai maganaɗisu ya fi araha da ƙarancin shan wuta, ya dace da ƙananan motoci, amma zafi yana raunana maganaɗisun. Don mota mai nauyi a ƙasa mai zafi irin tamu, mai koyil ya fi juriya.

Zaɓin da ya fi kowanne tasiri a kan irin hidimar da za ka riƙa yi shi ne na igiya: wayar ƙarfe ko igiyar roba. Igiyar robar da ake magana ba irin ta ɗaurin kaya ba ce. Wani zare ne mai ƙarfin gaske da aka fi sani da sunan Dyneema, wanda kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fito da shi. A kauri ɗaya tana kai ƙarfin wayar ƙarfe ko ta fi, nauyinta kuwa bai wuce kashi ɗaya bisa bakwai na wayar ba, har tana yawo a kan ruwa. Wanda ya taɓa jan mita 25 na wayar ƙarfe a cikin taɓo mai kaiwa gwiwa ya san darajar wannan sauƙi. Mafi muhimmanci kuma, idan ta tsinke ba ta zaburowa da ƙarfin da wayar ƙarfe ke yi, wadda ke iya fasa gilashi ko ta raunata wanda ke tsaye kusa. Tana kuma ɗinkuwa a daji: wanda ya koyi saƙa bakinta zai haɗa ta cikin 'yan mintuna ya ci gaba da aiki.

Amma abokan gabanta uku ne, kuma dukkansu a ƙasarmu suke zaune. Na farko rana, wadda ke cin zaren a hankali idan an bar ganga a buɗe shekara da shekaru. Na biyu yashi da ƙurar hunturu, masu shiga tsakanin zaruruwa su riƙa yanka su daga ciki duk lokacin da aka ja nauyi, ta yadda igiya za ta yi kyau a ido alhali ta raunana. Na uku zafi. Zaren yana narkewa a wajen digiri 150, kuma tun daga wajen digiri 70 zuwa 80 ya fara rasa ƙarfi. A nan ne masu araha suke da wani lahani da ba kowa ke lura da shi ba: tunda birkinsu a cikin ganga yake, idan aka riƙa sassauta igiya da inji alhali akwai nauyi a kanta, kamar lokacin saukar da mota a gangare, birkin yana gogawa ya ɗumama gangar, layin igiyar da ke manne da ita ya yi ƙyalli ya taurare. Don haka mai igiyar roba dole ne ya rufe ganga da murfi, ya warware igiyar gaba ɗaya bayan kowace shiga laka ya wanke ta a bokitin ruwa yana matsa ta don yashin ya fita, ya shanya ta a inuwa, ya kuma tabbata bakin da take bi ta ciki na alminiyam ne mai santsi, ba shi da ko ƙwarzane ɗaya. Wayar ƙarfe ba ta neman wannan lallashi. Tana jure gogar dutse da kututture, rana ba ta dame ta ba, zafin ganga ma haka. Abin da take so shi ne a goge ta da ɗan mai mara kauri don tsatsa, a nannaɗe ta a jere, a kuma duba ta da safar hannu ta fata, domin silin da ya tsinke yana tsaga tafin hannu kamar reza. Idan ta lanƙwashe ta yi gwiwa, ko ta baje a wuri guda, ta gama aiki, miƙe ta da guduma ba ya dawo mata da ƙarfi.

Hukuncina a nan ya dogara ne da wanda ke riƙe da makullin motar. Idan motar aiki ce ta gona ko ta kamfani, wadda direbobi ke karɓa-karɓa, kuma babu wanda zai zauna wankin igiya ranar Asabar, wayar ƙarfe ta fi aminci, da sharaɗin a riƙa jefa bargo ko tabarmar mota mai nauyi a tsakiyarta lokacin ja, a kuma kori 'yan kallo nesa, musamman yara, waɗanda ba sa rasa taruwa a duk inda mota ta kafe. Idan kuwa mai motar ne ke tuƙa abarsa, yana kuma da halin kula da kaya, igiyar roba ta fi, saboda sauƙi da kuma kare rai. Ko wacce aka zaɓa, kada a ja nauyi sai an bar aƙalla zagaye 5 na wayar ƙarfe a jikin ganga, ko wajen 10 na igiyar roba, domin ɗan notin da ke riƙe bakin igiya ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Sabuwar igiya kuma ana fara warware ta ne a fili, a ɗaura a bishiya, a nannaɗe ta da nauyin motar ana ɗan taka birki, don layukan ƙasa su matse. Idan ba haka ba, ranar aiki layin sama zai nutse cikin na ƙasa ya maƙale.

Sai akwatin wuta, inda mafi yawan mutuwar winci ke farawa. Tsofaffi da mafi araha suna zuwa da solonoid guda huɗu ko biyu, wato makunnan da ke sakar wa injin wuta idan an danna rimot, irin na kikistata, a jere cikin akwatin roba. Amfaninsu shi ne kowane rewaya ya san su, kuma ana samun madadinsu a kowace kasuwar kayan mota. Illarsu ita ce ruwa da ƙura suna shiga, bakinsu ya yi tsatsa, wani lokaci ma ya manne, winci ya ci gaba da ja bayan an saki rimot, wanda hakan ya fi ƙin tashi haɗari. Sababbi suna zuwa da kontakta guda ɗaya rufaffe, mai yin aikin solonoid ɗin gaba ɗaya, irin ƙirar da kamfanin Albright na Ingila ya yi suna a kanta. Ya fi jure ruwa, haɗin wayoyinsa kaɗan ne, amma idan ya mutu sai dai a sauya shi ɗungurungum. Ni na fi karkata ga kontakta, kuma sauya tsohon akwati da shi yana cikin gyare-gyare mafi amfani da za a yi wa winci mai araha. Duk wanda aka samu, a ɗauke akwatin daga kan bamba a mayar da shi sama cikin gidan inji, inda ruwan kwari ba ya kaiwa, a kuma sa makunnin yanke wuta mai ƙarfi kusa da batir, wanda hannu zai kai gare shi da sauri.

Wayoyin kansu abin dubawa ne. Winci mai girman da muke magana yana shan amfiya 400 ko fiye idan ya ɗauki cikakken nauyi, alhali altanatar yawancin waɗannan motoci ba ta wuce amfiya 80 zuwa 100 ba, don haka batir ne ke ɗaukar ragowar. Wasu masu araha suna zuwa da wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. Idan aka kankare bakinta da wuƙa za a ga fari a ciki, kuma ba ta da nauyi a hannu. Irin wannan tana zafi, tana rage wa injin wuta, injin kuma idan wuta ta yi masa kaɗan sai ya ƙara zafi. A sauya ta da jan ƙarfe zalla mai kaurin sikwaya milimita 35, irin wadda masu walda ke amfani da ita, a kai wayar ati, wato ta nagetif, kai tsaye zuwa kan batir maimakon a ɗaura ta a jikin bodi, a matse kawunan da kyau a shafa musu ɗan giris. Lokacin ja, injin mota ya kasance a kunne an ɗan taka totur, a ja na kamar minti ɗaya a huta, kuma idan jikin injin wincin ya yi zafin da tafin hannu ba zai zauna a kai ba, a dakata har ya huce. Kurar ninka igiya, wato ƙafar ƙarfen nan mai juyawa da ake ratsa igiya ta cikinta a dawo da ƙugiya jikin mota, tana raba nauyin kusan biyu, tana kuma sa a warware igiya da yawa a koma layukan ƙasa masu ƙarfi. Kuɗinta kaɗan ne, amma ita ce ke sa ƙaramin winci ya yi aikin babba ba tare da ya ƙone ba.

Game da ruwa, za a ga an rubuta IP67 ko IP68 a kwali. Ma'anar IP67 ita ce kayan ya jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30 a wurin gwaji. Wannan gwaji ne na sabon kaya mai sanyi a ruwa mai tsabta. Injin da ya yi zafi ya faɗa cikin ruwan kwari yana zuƙo ruwa ta kowace kafa yayin da iskar cikinsa ke hucewa. Shi ya sa nake ba da shawarar a kwance sabon winci tun kafin a ɗaura shi: a wanke giris ɗin da ya zo da shi, a sa mai kyau mara kauri sosai, domin mai kauri yana hana ganga sakuwa idan an buɗe kulocinta, a kiyaye kada a cika shi a kan birki, a shafa gam ɗin gaskit siriri a mahaɗar murfin injin da gindin notunan wuta. A ɗaura shi da notuna masu lamba 8.8 ko sama, a kan faranti mai kauri da ke haɗe da shasi, domin bambar ado ba ta riƙe tan huɗu. Bayan haka, sau ɗaya a wata, ko da rani ne, a warware mita goma a mayar da inji. Ɗumin da injin zai yi yana korar laima, buroshi su motsa a gidajensu, giris ya zagaya. Kafin faɗuwar damina, wajen watan Mayu, a buɗe a duba gaba ɗaya, haka kuma bayan duk ranar da ruwa ya rufe shi.

Idan aka haɗa kuɗin waɗannan gyare-gyare, wato waya, kontakta, makunni, giris, kura da madaurin bishiya mai faɗi, za a ga mafi arahar winci ya matso kusa da farashin na tsaka-tsaki, wanda galibi yake zuwa da wasu daga cikinsu tun daga kwali. Saboda haka wanda ba shi da rewaya amintacce, ko ba ya son buɗe kaya da hannunsa, gara ya ƙara kuɗi ya sayi na tsaka-tsakin mai 12,000 da kontakta. Wanda ke da hannu da haƙuri zai iya ɗaukar mai arahar ya gyara shi yadda na bayyana. Masu bin hanyoyin rairayi na arewacin Yobe ko wajen Agadas, inda bishiyar ɗaurawa ke wuya, su sani cewa kowane winci sai da abin da zai kama. A can shebur, faranti na sa wa taya, da rage iskar taya su ne kan gaba, winci kuma sai an haƙa rami an binne safaya taya an ɗaura a jikinta kafin ya yi amfani. Nawa wincin, wanda ya ba ni kunya a fadama, har yanzu shi ne a gaban motar, da sababbin buroshi da kontakta da wayar walda, kuma ranar Juma'ar farko ta kowane wata bayan an sauko daga masallaci nake warware shi a ƙofar gida in mayar.